Ayyukan Ɓoye Na Kwamfuta: Wanne Za Mu Bari?

'Yan'uwa manoma, da yawanmu muna ajiye lissafin taki da bashin ƙungiya a kwamfutar gida. Da zarar an kunna ta, wasu ƙananan ayyuka kan tashi da kansu a ɓoye. Kowanne yana cin batir, har wuta ta ƙare lissafi bai kammala ba.

A kwamfuta mai Windows, mu danna Ctrl da Shift da Esc tare. Za mu ga jerin abin da ke aiki.

Muna iya tsayar da Print Spooler in ba mu da injin buga takarda. Haka nan Bluetooth, in ba ma amfani da shi.

Amma biyu kada mu taɓa su. Microsoft Defender shi ne mai gadi. Windows Update kuwa shi ke toshe kafofin da ɓarayi ke bi su kai ga lissafinmu.

Mu tsayar da su ɗaya ɗaya, muna rubuta sunan kowanne a littafi. In wani abu ya ƙi aiki, sai mu mayar da shi. Wanda ba mu san aikinsa ba, mu bar shi. Manomin kirki ba ya tuge gero tare da ciyawa.