Abincin kyanwa a yankin Funtua da Malumfashi

Abincin kyanwa shi ne duk abin da ake ciyar da kyanwar gida, wadda ake kira mage, kuma masana kimiyya ke kira Felis catus. A yankin Funtua da Malumfashi da ke kudancin Jihar Katsina, inda ake noman masara, dawa, waken suya da auduga, gidaje da dama na ajiye kyanwa ne don ta tsare rumbu da ɗakin ajiyar hatsi daga ɓeraye. Galibi ana ba ta ragowar tuwo ne, sai abin da ta kamo da kanta.

Buƙatar jikinta

Kyanwa dabba ce da ba ta iya rayuwa cikin ƙoshin lafiya sai da nama. Ta bambanta da kare domin jikinta ba ya haɗa isasshen sinadarin taurin, kuma ba ya iya samar da bitamin A daga ganye ko karas. Rashin taurin na raunana zuciya, yana kuma jawo makanta a hankali. A shekarar 1987 likitan dabbobi Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar da alaƙarsa da ciwon zuciyar kyanwa. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka ta ƙayyade cewa furotin kada ya gaza kashi 26 cikin 100 na busasshen abincin babbar kyanwa, da kashi 30 ga 'ya'yanta. Tuwon masara ko na dawa na cika ciki, amma ba ya kai wannan mizani.

Abincin da ake samu a yankin

A wajen mahauta ana samun zuciya, ƙoda da tsokar nama. Zuciya na ɗauke da taurin mai yawa. Hanta kuwa kaɗan ake bayarwa, domin yawanta na tara bitamin A a jiki har ya sandarar da gaɓoɓi. Kifi irin su tarwaɗa da karfasa, da ake kamawa a madatsun ruwa kamar na Mairuwa, ana dafa shi a cire ƙaya, saboda ɗanyen wasu kifaye na lalata bitamin B1. Dafaffen ƙwai ma yana da amfani. Nama zalla ba shi da isasshen kalsiyam, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar ƙara ɗan garin ɓawon ƙwai. Abincin gwangwani da na leda, kamar Whiskas, an fi samunsa a manyan kantunan Kano da Kaduna, kuma yana da tsada.

Abubuwan da ke cutar da ita

Albasa da tafarnuwa na fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ko ɗanye ko dafaffe, don haka miyar gida, tsire da kilishi ba su dace da ita ba. Madarar shanu na sa wa yawancin manyan kyanwoyi gudawa, kodayake nono da kindirmo sun fi sauƙi. Dafaffen ƙashin kaza kan tsage ya soke hanji. Farasitamol kuwa, ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Babban haɗari a yankin shi ne maganin ɓera da ake zubawa a wuraren ajiyar hatsi bayan kaka. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba na iya mutuwa, manomi kuma ya rasa mai gadin rumbunsa. Ko lafiyayyen ɓera ma na iya sa mata tsutsar ciki.

Yawan abinci da ruwa

Babbar kyanwa mai nauyin kilo 3 zuwa 5 ana ba ta abinci aƙalla sau biyu a rana, ƙananan 'ya'ya kuma sau uku ko huɗu. Ana yaye su ne a kusan mako 8. Ƙin ba kyanwa abinci don ta dage da farauta kuskure ne, domin ƙosassa ma tana farauta. A watannin Maris da Afrilu, lokacin tsananin zafi, ya kamata ta samu ruwa mai tsabta a inuwa kullum. Idan ta kwana biyu ba ta ci ba, a kai ta wajen likitan dabbobi. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.