Ƙaramar Kalma, Babbar Shari'a: Ga Masu Sha'awar Karanta Kimiyyar Siyasa

Nawa ne kashi biyu cikin uku na 19? Kada ku yi saurin cewa wannan aikin ajin lissafi ne. A shekarar 1979 tambayar nan ce ta tsayar da Nijeriya cak, har sai da Kotun Ƙoli ta zauna a kanta.

A lokacin jihohi 19 ne a ƙasar nan, Yawuri ma tana cikin Jihar Sakkwato. Dokar zaɓe ta ce bai isa ɗan takarar shugaban ƙasa ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi. Alhaji Shehu Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12. A ta sha uku, wato Kano, inda Malam Aminu Kano ya lashe, bai kai kashi 25 cikin ɗari ba, ya tsaya a kusan kashi 20. Cif Obafemi Awolowo ya ce ba a tsaga jiha kamar rake, don haka 13 ake buƙata. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, amsar ita ce 12 da biyu bisa uku, kuma abin da Shagari ya samu a Kano ya wadatar da wannan gutsuren. A ranar 26 ga Satumba, 1979, kotu ta tabbatar da nasarar Shagari, ko da yake Mai Shari'a Kayode Eso bai yarda da sauran alƙalai ba. Kwana biyar bayan nan aka rantsar da shi.

Wannan tarihi ne, ba a haife mu ba. To amma na 2023 a gabanmu aka yi. Wannan karon rigimar a kan kalma ce mai haruffa uku kacal: "and". Sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci kashi biyu cikin uku na jihohi, sannan ya sa wannan kalma, sannan ya ambaci Babban Birnin Tarayya, Abuja. Bola Tinubu bai samu kashi 25 a Abuja ba. Masu ƙara suka ce ma'anar jimlar ita ce dole a samu a jihohi, sannan a samu a Abuja daban. Ɗaya ɓangaren ya ce a'a, Abuja ana lissafa ta ne tare da jihohin, tamkar ta 37. Kotun Ƙoli ta ɗauki ma'ana ta biyu a ranar 26 ga Oktoba, 2023.

Ba ina kawo wannan don in ce wane ne da gaskiya ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, manyan lauyoyi sun shafe watanni suna yin abin da malamin Turanci yake sa mu yi a aji muna hamma: wace kalma ce ta rataya a kan wace, ina jimla ta rabu, ina ta haɗu.

Da yawa daga cikin ƙannena da ke ajin SS 2 da SS 3 a Yelwa da Wara da Shanga suna cewa kimiyyar siyasa za su karanta. Idan ka tambayi dalili, wani ya ce yana son darasin Gwamnati, wani ya ce ya iya muhawara, wani kuma, gaskiyar magana, gudun lissafi yake yi. Turanci kuwa ana ɗaukarsa a matsayin shingen kan hanya: a samu kiredit a WAEC ko NECO, a tsallake JAMB, a huta. Ko a lissafin cin jarrabawa kaɗai wannan tunani bai yi ba. Cikin tambayoyi 180 na JAMB, 60 na Turanci ne, sauran darussa uku kowanne 40, duka cikin awa biyu. In ka shiga jami'a kuma, ko Usmanu Ɗanfodiyo ce ko Bayero ko Ahmadu Bello, darasin Turanci na dole yana jiranka tun ajin farko. Bayan shi kuma sai karatu mai yawa: kundin tsarin mulki, dokoki, hukunce-hukuncen kotu, littattafai masu jimlolin da sai ka yi numfashi biyu kafin ka kai aya.

Ɗauki "shall" da "may". A takardar jarrabawa maki ɗaya ne tsakaninsu. A doka kuwa, galibi ta farko tilas ce, ta biyu ganin dama. Sashe na 97 na tsarin mulki ya yi amfani da su duka biyu a jimla ɗaya: Majalisar Dokokin jiha tilas ta gudanar da aikinta da Turanci, amma tana iya ƙarawa da wani harshe da ake ji a jihar idan ta zartar da ƙuduri. Wanda bai san bambancin kalmomin nan ba zai iya tashi ya ce doka ta haramta yin Hausa a majalisa, ko ya ce ta wajabta. Duk biyun kuskure ne.

Ta yaya za ka san ka fahimci jimla da gaske, ba hadda ka yi ba? A ganina babu ma'aunin da ya kai fassara. Ka iya haddace ma'anar kalma da Turanci ka zuba wa mai maki, ya ba ka lada, alhali ko kai ba ka san abin da ka rubuta ba. Amma ranar da aka ce mayar da ita Hausa yadda Inna za ta gane, ranar asiri ke tonuwa. Gwada da waccan jimlar ta Abuja. Da zarar ka fara, sai ka ga dole ka zaɓa: "jihohi haɗe da Abuja" za ka ce, ko "jihohi, sannan kuma a Abuja"? Fassara ta tilasta maka ganin rami biyun da ke cikin jimlar.

Akwai tarkon da ke kama ɗaliban Gwamnati kusan kullum: kalmar "state". Mun saba da ita a matsayin jiha. Amma idan littafi ya ce siffofinta su ne jama'a, da yanki mai iyaka, da gwamnati, da cikakken ikon kai, ba Kebbi yake nufi ba, domin Kebbi ba ta da sojojinta, ba ta buga kuɗinta, ba ta ƙulla yarjejeniya da Nijar a matsayin ƙasa. Nijeriya yake nufi. Kalmarmu ta "ƙasa" ita ma tana da nata wayon: ƙasar Nijeriya, ƙasar Yawuri, ƙasar noma. Haka "ɗan ƙasa": wani lokaci muna nufin ɗan Nijeriya, wani lokaci ɗan asalin gari. Turanci ya raba su, "citizen" daban, "indigene" daban, kuma duk wanda ya taɓa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali ya san rabuwar ba ta wasa ba ce.

Sai kuma kalmar da ta shiga bakin kowa har muka Hausantar da ita: inkwankulusib. A jiharmu ma an yi. Zaɓen gwamna na 18 ga Maris, 2023 hukumar zaɓe ta ce bai kammala ba, saboda ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba. Aka ƙarasa shi ranar 15 ga Afrilu, Dakta Nasir Idris ya yi nasara. Wanda ya fassara kalmar da "an soke zaɓe" ya faɗi ƙarya ba da niyya ba, kuma irin wannan ƙarya tana iya tayar da hankalin gari. Ƙarashen zaɓe daban, sake zaɓe bayan kotu ta rushe shi daban, zagaye na biyu daban, zaɓen cike gurbi daban. Abu huɗu ne, kowanne da sunansa a Turanci da hukuncinsa a doka.

Mu 'yan bakin tafki ya kamata mu fi kowa sanin nauyin wannan aiki. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Bussa da gungu-gungu da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da fiye da mutum 40,000, ciki har da kakannin wasunmu. Takardun hukuma da Turanci suke, mutanen da abin ya shafa kuwa Gunganci da Kambarci da Hausa da sauran harsunan yankin suke ji. Tsakanin biyun sai tafinta. Ka yi tunanin mutumin da aka ɗora wa bayyana wa dattijo bambancin "za a sake tsugunar da kai" da "za a biya ka diyya". Har yau bukatar ba ta gushe ba: gargaɗin ambaliya, dokar sa rigar ruwa a jirgi, sanarwar hukumar raya yankunan madatsun ruwa, duk da Turanci ake fara rubuta su, sai an samu yaron da ya yi boko ya karanta wa mutane. Sau da yawa yaron nan kai ne ko ke.

Shi ya sa nake ganin yaron da ya tashi yana Gunganci ko Shanganci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji, bai kamata ya raina kansa ba. Tun yana ƙarami yake fassara, bai dai san sunanta ke nan ba.

Wani abu da za ku fara lura da shi shi ne jimlar da ke ɓoye mai aiki. Turanci yana cewa "was approved", mu kuma mu ce "an amince". Wa ya amince? Yaushe? Sannan "an amince da kwangila" ba ɗaya ba ne da "an bayar", ba ɗaya ba ne da "ana yi", balle "an gama". Ɗalibin siyasa na gaske yana karanta sanarwa yana neman mai aikin da lokacin aikin, kuma wannan nahawu ne tsantsa.

Ga abin da za ku iya gwadawa cikin makon nan, ba sai da kuɗi ba. Ku haɗu ku uku. Na farko ya ɗauko sakin layi ɗaya daga littafin Gwamnati ko labarin jarida, ya mayar da shi Hausa a rubuce. Na biyu, wanda bai ga asalin ba, ya mayar da Hausar Turanci. Na uku ya ajiye Turancin biyu gefe da gefe, ya ja layi a duk inda ma'ana ta sauya: inda tilas ta koma ganin dama, inda "wasu" suka koma "duka", inda abin da za a yi ya koma abin da aka yi. Wuraren da aka ja wa layi su za ku kai wa malamin Turanci. Masu ɗaukar Hausa a jarrabawa kuma ku kai wa malamin Hausa, domin fassara tana cikin manhajarku. Ku fara da sashe na 14 na tsarin mulki, wanda ya yi magana a kan wanda ke da ikon ƙasa da kuma babban aikin gwamnati. Ba shi da tsawo, amma kalmar "sovereignty" da ke cikinsa kaɗai za ta iya cinye muku hutun tara.