Maganin Gudan Jini da Nisan Asibiti

Idan jijiya ta tsage, ƙananan ƙwayoyin jini da likitoci ke kira filatilet ne ke fara rugawa wurin, su manne da juna su toshe kafar. Daga baya sinadaran da hanta ke samarwa su saƙa zaren fibrin a kai, kamar yadda magini ke bin tubali da laka. Wannan rahama ce ga mai rauni. Amma idan gudan ya haɗu a jijiyar da ba ta tsage ba, ƙarshensa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Shi ya sa magungunan suka kasu gida biyu. Asfirin, wanda kamfanin Bayer ya haɗa a 1897, filatilet yake kamawa: yana kashe musu sinadarin da suke kiran 'yan'uwansu da shi, kuma wanda ya kama ba ya farfaɗowa har ƙarshen rayuwarsa, kwana 7 zuwa 10. Sai a 1971 John Vane ya gano yadda yake aiki. Asfirin da clopidogrel ake ba wanda jijiyoyin zuciyarsa suka cushe.

Gida na biyu, na su warfarin, ya fi neman kulawa. Asalin warfarin cutar shanu ce a Amurka da Kanada a shekarun 1920, inda dabbobin da suka ci ruɓaɓɓiyar harawa suka riƙa zubar da jini har su mutu. A 1948 aka fitar da shi a matsayin gubar ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane. Aikinsa hana hanta sake amfani da bitamin K, wanda sai da shi take kammala sinadaran daskarewa guda huɗu. Ya yi kaɗan, guda ya haɗu. Ya yi yawa, jini ya ɓalle a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Awon jini na INR ne alƙali, kuma ga yawancin marasa lafiya ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3.

To, a dubi Mertoutek, ƙauyen Abzinawa a duwatsun Tefedest na Aljeriya, arewa da Tamanrasset, birnin da fataken Hausa suka daɗe da sani. A Aljeriya ɗan'uwan warfarin, Sintrom, aka fi rubutawa, shi ma sai da awo. Mazaunin irin wannan wuri kowane awo tafiya ce gare shi, haka ma mutumin ƙauye da ke zuwa asibitin Malam Aminu Kano. Ga miyar alayyafo da sauran ganye masu bitamin K suna sauya ƙarfin maganin. Ba a ce a daina ci ba, a dai ci daidai kullum. Ga wanzami da ƙahonsa, ga mai kemis da zai miƙa diclofenac bai tambayi abin da kake sha ba.

Wani zai ce ai akwai sababbi irin rivaroxaban, da ba sa bukatar awo. Gaskiya ne, amma binciken INVICTUS na 2022, a kan mutum sama da 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna cewa ga waɗanda zazzaɓin rumatik ya lalata wa ƙofofin zuciya har bugunta ya rikice, masu shan tsohon maganin sun fi tsira da rai. Ciwon kuwa na talakawanmu ne. A ganina abin da ya fi gaggawa shi ne ƙaramar na'urar da ke auna INR da ɗigon jinin yatsa ta isa asibitin karkara, tare da ma'aikacin da ya iya gyara adadin ƙwayar.