Aikin Koyarwa da Abin da Doka ta Ɗora wa Malami

Kowace safiya iyaye a unguwar Wunti ta birnin Bauchi, kamar 'yan'uwansu a sauran sassan ƙasar nan, sukan sallami 'ya'yansu zuwa makaranta, su kuma su nufi kasuwa ko ofis. Tun daga wannan lokaci har a tashi, yaro amana ne a hannun malami. Ya kamata jama'a su sani cewa wannan amana tana da doka a bayanta.

Bauchi ta daɗe da sanin darajar malami. Marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, ya koyi aikin malanta a Kwalejin Katsina, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta. Amma da aka fara shirin ba da ilmin firamare ga kowa a 1976, sai yara suka yi yawa ƙwarai, har aka riƙa ɗaukar mutanen da ba su sami isasshen horo ba. Domin gyara wannan hali, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, watau TRCN, da doka mai lamba 31 ta 1993.

Wane ne malami a idon doka?

Shi ne wanda ya sami horon koyarwa, aka rubuta sunansa a littafin hukumar, aka ba shi lasisi. Mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa ita ce ta NCE, irin wadda kwalejojin ilmi na Azare da Kangere suke bayarwa. Wanda yake da digiri a wani fanni dabam, sai ya ƙara da difiloma ta koyarwa. Tun daga 2017 kuma akan yi wa mai neman rajista jarrabawa kafin a karɓe shi. Koyarwa ba tare da rajista ba laifi ne, ko a makarantar gwamnati ko a ta kuɗi, kuma dokar ta tanadi tara ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun.

Abubuwan da aka wajabta masa

Wajibi ne malami ya zo aiki a kan lokaci, ya shirya darasinsa, ya duba aikin yara da gaskiya. Kada ya nuna bambanci saboda addini, ko ƙabila, ko arzikin iyaye. Ya rufa asirin ɗalibi, ya nisanci duk wata mu'amala ta lalata da shi. Ƙa'idar aikin ta hana shi dukan yaro, sai fa abin da hukumar makaranta ta ba da izini.

Har wa yau, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati, don haka wanda ya karɓi kuɗin makaranta daga yaro ya yi laifi. Malamin da ya taimaka aka yi satar jarrabawa kuwa, dokar 1999 mai hana maguɗin jarrabawa za ta hau kansa.

Idan malami ya saɓa

Uban da yake da ƙorafi sai ya fara da shugaban makaranta. In ba a share masa hawaye ba, ya je ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, ko ofishin TRCN na jiharsa. Akwai kwamitin bincike da zai saurari kowane ɓangare. In ya ga akwai abin tuhuma, sai ya miƙa maganar ga kwamitin ladabtarwa, wanda yake da ikon yi wa malami gargaɗi ko soke sunansa daga littafi. Shi ma malamin yana da damar kare kansa, da ta ɗaukaka ƙara zuwa kotu.

Dokar ƙasa ta kuma kula da hakkin malami na ƙwarai. A 2022 an yi wadda ta mai da lokacin ritayarsa shekara 65 da haihuwa, ko 40 yana aiki. Saboda haka ana kira ga malaman da ba su yi rajista ba da su hanzarta, iyaye kuma su riƙa leƙa makarantun 'ya'yansu, suna tambayar ko masu koyar da su suna da lasisi.