Abin da Ke Sa Wayar Shagon Caji Ɗaukar Zafi

A kasuwannin Sabon Birni da Isa, akwai masu shagon caji da ke aiki da sola da batir. Da yawansu sun iya haɗa waya, amma lissafin da ke bayan haɗin ne ba kowa ya sani ba, kuma nan asara take shigowa.

Kowace na'ura tana da turjiyar da take yi wa wuta, ana auna ta da om. Bajamushe Georg Ohm ne ya fitar da ƙa'idar a 1827: ka raba bolt, ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, da om, sai ka sami amfiya, wato yawan wutar da ke gudu a waya.

A ɗauki batir mai bolt 12 da fitilu biyu, kowace om 6. Idan aka jera su bi-da-bi a kan hanya ɗaya, turjiyarsu takan haɗu ta zama 12, amfiya 1 kacal ke wucewa. Kowace fitila ta sami bolt 6, haske ya dushe, in ɗaya ta ƙone kuwa ɗayar ma ta mutu.

Haɗin kafaɗa-da-kafaɗa, inda kowace ke da hanyarta zuwa batir, shi ne na gidaje da shaguna, kuma shi ke ruɗa mutane. Kowace fitila tana samun bolt 12 cif, ta ja amfiya 2. Jimilla 4 ke nan, turjiyar duka ta sauko om 3. Ƙara ta uku: om 2, amfiya 6. Manomin rani a fadamar Gulbin Rima ya san haka, duk kwamin da ya buɗe wa ruwa, babbar hanyar ruwan ce ke ɗaukar ƙarin. To, wayar da ta fito daga batir ita ce wannan hanya, kuma in amfiya ta ninka sau biyu, zafin da waya ke yi sau huɗu yake ninkawa.

Batura ma haka suke. Biyu bi-da-bi bolt 24 suke ba inbata. Kafaɗa-da-kafaɗa suna nan a 12, sai dai su fi daɗewa. Haɗa sabo da tsoho kuwa ganganci ne, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai shagon da fis ya tsinke masa, ya naɗa wayar tagulla a gurbinsa. Fis ɗin ya yi aikinsa ne na yanke wuta in amfiya ta yi yawa. Kafin a sa wani, a ƙirga amfiyar duk abin da ke jone, a duba ko kaurin wayar zai ɗauka.