Watandar Ɗakin Kwana a Orlando

Minti casa'in suka ce. Matar da ke zaune a wani ɗan teburi a harabar otal ɗinmu, kan titin 192 na garin Kissimmee, ta ce in muka ba su minti casa'in muka saurari bayani, akwai karin kumallo kyauta, sannan a rage mana kuɗin tikitin shiga wurin wasanni. Tikitin mutum ɗaya na yini ɗaya a Disney ya haura dala 100, mu kuma mu shida ne: ni, ƙanina da ke aiki a Atlanta, mai ɗakinsa da 'ya'yansu uku. Ya ce, "Yaya, ai saurare ne kawai, ba dole." Da hantsi muka shiga. Sai da lokacin azahar ya kusa ƙwace mana muka fito, ƙanin nawa rungume da jakar takardu, ya riga ya ba da kafin alƙalami.

Abin da aka sayar masa shi ne abin da suke kira taimshiya. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce watanda. Yadda mutanen unguwa ke haɗa kuɗi da Sallah su sayi sa guda a raba kashi-kashi, haka ake ɗaukar ɗaki guda a wurin shaƙatawa a yanka shekararsa mako-mako, a sayar wa mutum hamsin da wani abu. Matar ƙanina kuwa da ta ji bayanin, cewa ta yi, "Wato rabon kwana, da kishiyoyi hamsin." Sai dai watanda in an raba nama an gama. Wannan san ba a yanka shi. Yana nan a turke, kuma kowace shekara akwai kuɗin harawarsa a wuyanka.

Dabarar ba a Amurka ta faro ba. A Turai aka fara ta cikin shekarun 1960: kamfanin Hapimag na ƙasar Suwizalan, da aka kafa a 1963, yana cikin na farko-farko, sai wani wurin zamiyar ƙanƙara a tsaunukan Faransa. Amma a jihar Florida ta yi kitse. An buɗe Walt Disney World kusa da Orlando ranar 1 ga Oktoba, 1971, SeaWorld ya biyo baya a 1973, Universal a 1990. Yankin da a da aka san shi da lemo da shanu ya koma garin baƙi, kuma duk baƙo sai ya kwana. A 1982 Kemmons Wilson, mutumin da ya kafa otal-otal ɗin Holiday Inn, ya buɗe Orange Lake a maƙwabtan Disney. Marriott ya shiga harkar a 1984. Da Disney ya ga wasu na cin kasuwa a ƙofar gidansa, sai ya buɗe tasa rumfar a 1991, mai suna Disney Vacation Club.

A tsohon tsari, mako takamaimai kake saya, misali mako na 27 a ɗaki kaza, kowace shekara. In ɗanka ya yi zazzaɓi a wannan makon, ko maigidanka ya hana ka hutu, ka yi asara, sai dai ka nemi musaya ta kamfanoni irin su RCI, su ma da nasu kuɗin. Daga baya aka fito da makon da ba a ɗaure shi ba, ka zaɓa cikin wani yanayi na shekara. Yanzu kuwa maki ne ke tashe. Ana zuba maka adadin maki kowace shekara, kowane dare yana da farashinsa: ƙaramin ɗaki a watan Satumba, lokacin da yara suka koma makaranta ga zafi ga guguwa, yana cin maki kaɗan, babban ɗaki mai kicin a makon Kirsimeti kuwa lamushe su yake yi.

Na fi daɗewa a kan tsarin Disney, domin shi ne wanda masu zuwa wuraren wasannin suka fi ɗauka a matsayin ma'auni, kuma dokokinsa a bayyane suke. Wanda zai shiga yana zaɓar gida guda, wato wurin da takardarsa za ta zauna. A wannan gidan yana iya kama ɗaki tun saura wata 11, a sauran kuwa sai saura wata 7. Wata huɗun nan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗakunan da kowa ke so, irin na Bay Lake Tower da ake takawa da ƙafa zuwa wurin wasannin Magic Kingdom, sau da yawa kafin ƙofa ta buɗe wa na waje 'yan gida sun kwashe. Ana iya ajiye makin bana zuwa baɗi, ana iya aro daga na baɗi, don haka mai zuwa shekara biyu sau ɗaya ba sai ya sayi da yawa ba. Kuma kowane gida yana da ranar mutuwarsa a rubuce: Old Key West, na farkonsu, da BoardWalk da Beach Club a 2042 (wasu masu Old Key West sun biya an ƙara musu zuwa 2057), Saratoga Springs a 2054, Animal Kingdom Villas a 2057, Riviera a 2070. Ranar na cika, ɗaki ya koma hannun Disney, kai kuma ka tashi da hotuna.

Mun je otal ɗin Disney na Animal Kingdom Lodge cin abinci wata yamma, na ga abin da ke jan mutane. Daga baranda kana kallon raƙuman dawa da jakunan dawa suna kiwo, ga wasu shanu masu manyan ƙahoni. Na yi dariya ni kaɗai, na tuna manomin Kure a Nijar da ke korar raƙumin dawa daga gonar wakensa, ga wasu nan sun biya dubban daloli don su gan shi da asuba. Amma ban raina ba. Wurin ya tsaru, yaran kuma sai da aka ja su aka fitar.

To, ga lissafin da mai tallan namu bai yi ba, ko da yake ya cika shafi uku na wata takarda rawaya da zane-zane. Ya tambayi ƙanina nawa yake kashewa a otal duk shekara, ya ninka sau talatin, ya ƙara hauhawar farashi, ya ja layi biyu a ƙarƙashin jimillar. Sannan ya dubi ƙaramar 'yar da ke cin biskit ya ce shekara nawa ta rage kafin ta daina son zuwa hutu da iyayenta. Da muka ce za mu yi shawara, sai ga manaja da wani farashin, na yau kaɗai. Da muka sake nocewa, sai ga na uku. Ban zargi ƙanina ba. Mutum ne da ke aikin dare, wanda 'ya'yansa ke girma nesa da dangi, aka taɓa shi daidai inda ke masa ciwo.

Bari in yi misali da farashin Disney, tunda shi ba ɓoyayye ba ne. A 'yan shekarun nan maki ɗaya daga hannun kamfanin ya haura dala 200. Mai son maki 150 zai ajiye dala 30,000 ko fiye. Wannan kuɗin sa ne. Harawa kuma, wato kuɗin gyara da shara da haraji da inshora, ana biyanta a kan kowane maki duk shekara, a 2025 daga dala bakwai da wani abu zuwa sama da goma, gwargwadon gida. Mu ɗauki dala 9: dala 1,350 ke nan a shekara. A shekara 40, ko da ba a ƙara ko sisi ba, dala 54,000 ce, ta fi kuɗin sayen nesa ba kusa ba. Kuma ƙarawa ake yi kusan kowace shekara. Ka je ko ba ka je ba, sai ka biya. A 2020 an rufe wuraren wasannin Disney daga tsakiyar Maris zuwa Yuli saboda korona, harawar ba ta tsaya ba. Duk wannan kuɗin makwanci ne kawai. Tikitin shiga, abinci da kuɗin jirgi suna gefe suna jiranka.

Wanda ba shi da kuɗin a hannu, a teburin nan za a ba shi bashi, da kuɗin ruwan da ya kan wuce kashi goma cikin ɗari. Ga musulmi maganar ta ƙare tun daga nan. Ko ga wanda bai damu da riba ba, ruwan yana cinye duk rangwamen da aka zana masa a takardar.

Akwai kasuwar na hannu, kuma a nan ake gane ainihin darajar abu. Dillalai masu lasisi suna sayar da makin Disney da masu shi suka gaji, wani gidan kusan rabin farashi. Disney yana da wani haƙƙi irin shuf'a: in an daidaita ciniki, yana iya cewa shi zai saya a wannan kuɗin, kai mai saye ka koma neman wani. Wannan na cikin abin da ke hana farashin faɗuwa warwas. Amma kamfanin ba ya son kasuwar ta yi daɗi da yawa. Tun Janairun 2019, wanda ya sayi na hannu a tsofaffin gidaje ba zai kwana a Riviera da makinsa ba, wanda kuma ya sayi Riviera na hannu a nan kaɗai zai kwana. Rangwame da wasu alfarmomin 'yan ƙungiya ma sai wanda ya saya kai tsaye. A ganina alfarmomin ba su kai bambancin dubban dalolin ba, tunda kamfani na iya janye su duk ranar da ya ga dama.

Da ka bar inuwar Disney da wasu 'yan manyan sunaye, labarin ya sauya. Shiga kasuwar intanet ta eBay ka ga ana tallar mako guda a Orlando dala ɗaya, wani mai shi ma ya ce shi zai biya kuɗin sauya takarda, kai dai ka karɓa. Ba hauka yake ba, harawa yake gudu. Da yawa cikin waɗannan takardu ba su da ranar ƙarewa. Mai talla yana kiran wannan gadon da za ka bar wa 'ya'ya, alhali abin da za su tarar takardar biyan kuɗi ce duk shekara. In guguwa ta yi ɓarna, kuma daga Yuni zuwa Nuwamba lokacinta ne a Florida, ana iya yanka wa kowa ƙarin kuɗi na musamman. Wanda ya daina biya, a ƙwace, a ɓata masa suna a wajen masu ba da bashi, abin da a Amurka ke iya hana mutum hayar gida. A kan wannan miki ne wasu ƙudajen suka sauka: kamfanonin da ke cewa ka ba su dubban daloli su fitar da kai, ko su ce sun samo mai saye amma sai ka fara biyan la'ada. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sha yin gargaɗi a kansu.

Ga wanda ke zaune a Kano ko Abuja yana tunanin saya, akwai ƙarin duwatsu biyu a hanya. Harawar da dala ake biya. Waccan dala 1,350, a farkon 2023 lokacin da farashin gwamnati ke wajen naira 460, kusan naira 620,000 ce. Da dala ta wuce naira 1,500 a 2024, ta haura miliyan biyu, ɗakin kuma bai ƙara faɗi ba. Na biyu, takardar mallakar mako ba biza ba ce. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa ta wata uku, shiga ɗaya. Ɗaure kai da alƙawarin shekara arba'in a ƙasar da ba kai ke riƙe da makullin ƙofarta ba, cinikin biri a sama ne. Su kansu alhazanmu tsarin ba baƙo ba ne gare su, don an taɓa sayar da irin wannan haƙƙin kwana na shekara 24 a benen Zamzam da ke gaban Harami a Makka. Can aƙalla wa'adin gajere ne, kuma wurin ba ya gundurar kowa.

Ba na cewa babu wanda abin ya karɓa. Iyalin da ke zaune a Amurka, suke zuwa Orlando kowace shekara ba fashi, suke sauka a otal mai tsada dama can, suke iya tsara hutunsu tun saura wata goma sha ɗaya, kuma suke da kuɗin a ajiye, za su iya cin riba, musamman in na hannu suka saya a gidan da ake iya sayarwa gobe. Ɗaki mai kicin da injin wanki ni'ima ce ga mai yara, balle mai neman abincin halal, wanda in ba haka ba zai yi mako yana cin kifi da dankali. Amma ƙanina sharaɗi biyu kawai ya cika cikin biyar.

Daren nan, bayan yara sun yi barci, mai ɗakinsa ta baje takardun a kan teburin cin abinci, ta ɗauko wayarta tana lissafi. Ita ce ta gano shafin da ba a karanta mana ba. Dokar Florida ta ba mai saye kwana 10 ya fasa, a rubuce, a mayar masa da kuɗinsa, kuma ba a yarda mai sayarwa ya sa shi ya yafe wannan haƙƙin ba. Ta tura masa shafin gabansa ta ce, "Baban yara, hutun baɗi fa gida muka ce za mu kai su, su ga Hajiya. Na baɗin waccan kuma wa ya sani?" Ya yi shiru, ya dube ni. Na ce, "Ni baƙo ne, amma in da ni ne, da safe zan nemi gidan waya."

Wasiƙar layi huɗu ce. Ya sa hannu, ita ma ta sa, aka aika da rajista, ya adana rasit a cikin fasfonsa. Bayan shekara biyu da suka sake komawa Orlando, hayar maki suka yi daga wani mai shi ta hannun dillali, wajen dala 20 kowane maki, suka yi dare biyar a Animal Kingdom Villas. Ya turo mini hoton ƙaramar a baranda, ta juya wa raƙumin dawa baya tana kallon waya.