Ƙurar Hunturu, Zafin Bazara da Farantin Sola: Abin da Masu Bincike Ke Kokawa da Shi

A watan Disamba na 2022, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar da cewa na'urarta mai suna InSight, wadda ta sauka a duniyar Mars a 2018, ta yi shiru. Ƙura ce ta kashe ta. Shekara huɗu ƙurar tana sauka a hankali a kan farantan sola da ke ba ta wuta, har hasken da ke ratsawa ya kasa cika mata batir. Injiniyoyi sun gwada dabara: suka sa hannun na'urar ya riƙa zuba yashi a gefen farantin, don iska ta kwashe shi ya tafi da ƙurar. Abin ya ɗan yi amfani, amma bai cece ta ba.

Abin da ya kashe InSight shi ne ke cin wutar farantan da ke kan rufin gidajenmu duk shekara, daga Nuwamba zuwa Maris.

Kun dai ga yadda sola ta bazu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai cajin waya, mai sayar da ƙanƙara da mai shagon aski suka fara kashe janareta suna ɗora faranti. Akwai dalili. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki, kuma wutar da ake rabawa ƙasar baki ɗaya ta fi yawan tsayawa tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. A ɗaya gefen, kuɗin samar da wutar sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa 2023. Gwamnati ma ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa kafin 2060 ƙasar za ta daina ƙara wa sama hayaƙi mai ɗumama duniya, ta kuma fitar da tsarin sauyin makamashi a 2022, wato tsarin barin fetur, dizal da itacen girki sannu a hankali zuwa ga rana, iska da ruwa.

To, idan abu ya yi araha kuma yana aiki, me ya rage a bincika? Da yawa. Kuma mafi wuya daga ciki a ƙofar gidanmu suke.

Daga Bodele zuwa rufin gidanku

Hazon da ke rufe Kano, Katsina da Damagaram yana da asali. Babban ɓangarensa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yau. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farin gari mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Masana suna ɗaukar Bodele a matsayin wuri guda da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna wani ɓangaren ƙurar Sahara yana ƙetare tekun Atlantika har dajin Amazon. Mu muna kan hanyarta, kusa da bakin ƙofa.

Laushin nan shi ne matsalar. Yashi mai kauri iska na iya ture shi. Gari mai laushi kuwa mannewa yake yi a gilashi, in kuma raɓa ta sauka da asuba ta bushe da hantsi, sai ya daskare kamar an shafa farar ƙasa. Ga shi a nan ƙasashenmu ba a karkata faranti sosai, domin Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana kusan a tsakar ka take wucewa. Faranti mai kwance ya fi mai tsaye tara ƙura. Wato kwanciyar da ta fi kamo haske ita ce kuma ta fi kamo datti.

Za ku ce ai sai a wanke. A gida haka ne, bokiti ɗaya ya isa. Amma ku yi tunanin tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a 2023, ko mai megawat 30 da ke Gorou Banda kusa da Yamai. Farantai dubbai ne, a lokacin rani, a inda mutane ke layin ruwan sha.

A 2022, wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Kripa Varanasi da ɗalibinsa Sreedath Panat, suka wallafa wani aiki a kan wannan. Sun ce ƙura na iya rage wutar faranti da kusan kashi 30 cikin ɗari a wata ɗaya in ba a wanke ba, kuma wanke farantan duniya na lashe ruwa kimanin galan biliyan 10 a shekara. Maganinsu ya dogara ne da abin da kowannenku ya taɓa yi a aji: ka goga biro a gashin kai, ka ɗauki guntun takarda da shi. Caji mabambanta suna jan juna, masu kama da juna kuma suna tunkuɗe juna. Sai suka sa wani ƙarfe ya riƙa wucewa a saman faranti yana ba ƙwayoyin ƙura caji, gilashin kuma aka shafe shi da wani siririn abu mai ɗaukar caji irin nasu. Ƙurar ta riƙa tsalle da kanta, babu ruwa, babu buroshi.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne ya fi jan hankalina. Ƙwayar ƙura ba ta karɓar cajin sai da ɗan danshi a jikinta, don haka dabarar tana buƙatar laimar iska ta haura kashi 30 cikin ɗari. Duk wanda leɓensa ya taɓa tsagewa a Janairu ya san iskar hunturu ba ta da wannan alherin, da rana laimarta kan faɗi ƙasa da haka. Shin danshin asuba zai wadatar? Shin garin Bodele zai yi tsalle kamar ƙurar da aka gwada a ɗakin bincike? Ba a Amurka za a amsa wannan ba. Sai an kafa na'urar a Sakkwato ko Maiduguri an auna.

Rana ta yi yawa

Mutane da yawa suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne. Zafi ma ɓarna yake yi. Lambar da aka rubuta a bayan faranti, a ce wat 300, an auna ta ne lokacin da farantin yake da zafin digiri 25 kacal. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, farantin silikon yana rasa tsakanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari na ƙarfinsa. A tsakiyar bazara, a kan kwanon rufi, faranti na iya kai digiri 65. Ku ɗauko biro: 65 a cire 25, saura 40. A ninka da 0.4, kashi 16 ke nan. Wat 300 ya koma wajen 252, tun ƙura ba ta karɓi nata kason ba. Shi ya sa mai haɗa sola da ya san aikinsa yake barin tazara tsakanin faranti da kwano, don iska ta ratsa.

Ko da babu zafi babu ƙura, farantin silikon yana da iyakar da ba zai wuce ba. Na farko mai amfani, wanda aka ƙera a Bell Labs a 1954, kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa wuta. Na kasuwa yanzu suna wajen kashi 20 zuwa 23. Tun a 1961 William Shockley da Hans Queisser suka yi lissafin da ya nuna cewa faranti mai shimfiɗa ɗaya ba zai wuce kashi 30 da 'yan kai ba. Dalili shi ne hasken rana launuka ne a haɗe, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Wani ɓangaren silikon ba ya iya kama shi sam, wani kuma, kamar shuɗi, ƙarfinsa ya fi abin da silikon ke iya amfani da shi, rarar ta zama zafi.

A nan ne wani sinadari mai suna ferobiskayit ya shigo. Sunan daga wani dutse ne da aka gano a tsaunukan Ural na Rasha a 1839, aka sa masa sunan Lev Perovski. (A wannan shekarar ce dai wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya fara lura cewa haske na iya haifar da lantarki. Shekarunsa 19 a lokacin, kusan sa'an 'yan aji shida.) A 2009 Tsutomu Miyasaka na Japan ya gwada sinadarai masu irin wannan tsari a matsayin mai kama haske, ya samu kashi 3.8. Yau an haura kashi 25. Tafiyar da silikon ya yi shekaru kusan sittin yana yi, ferobiskayit ya yi ta cikin goma sha 'yan kai.

Dabarar da ake yayi yanzu ita ce haɗa su biyun, kamar mai tankaɗe da rariya biyu. Ferobiskayit a sama ya kama shuɗi da kore, ya bar ja ya wuce, silikon a ƙasa ya tare shi. A 2023 kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 33.9 da wannan haɗin a ɗakin gwaji, kuma kamfanin Oxford PV, wanda ya samo asali daga binciken Farfesa Henry Snaith a jami'ar Oxford, ya fara sayar da irin waɗannan farantan a 2024.

Ni dai ba zan yi saurin tafi ba. Farantin silikon ana ba shi garantin shekara 25. Ferobiskayit kuwa danshi da zafi suna lalata shi da wuri, kuma yaƙin da ake yi a ɗakunan bincike yanzu na tsawaita ransa ne. Sannan mafi ingancinsa yana ɗauke da dalma. Kaɗan ce, amma mu mun san dalma: a 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake fasa duwatsun zinariya a cikin gida. A ƙasar da tsohon batir ke ƙarewa a bola ko a hannun 'yan gwangwan, tambayar inda fasasshen faranti zai je ta cancanci bincike tun kafin kayan su iso kasuwa.

Sai dare. Rana ta faɗi, batir ya karɓi aiki, kuma sau da yawa shi ne mafi tsada a haɗin sola na gida. Batirin litiyam, wanda ya ba mutum uku kyautar Nobel a 2019, shi ma ba ya shiri da zafi. Ana ƙoƙarin maye litiyam da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin miya, don ya fi yawa ya fi araha, ko da yake bai kai shi riƙe wuta ba.

Ba yau aka fara ba a nan

Kada ku ɗauka wannan duk aikin Turawa da 'yan Sin ne. Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin fizik ne da ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, inda aka ƙera murhun girki da na'urar dafa ruwa masu aiki da rana tun sola ba ta zama abin yayi ba. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta yi aiki a kan na'urorin busar da amfanin gona da murhu mai rage cin itace. Jami'ar Bayero kuma ta samu tashar wuta mai haɗa sola da batir a 2019.

Abin da irin wannan bincike ke ci shi ne awo, na kullum, na dogon lokaci, daga wurare da yawa. Kuma wannan ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta za ta iya farawa. Ku nemi ƙananan farantai biyu iri ɗaya, irin na cajin fitila, da mitar da masu gyaran rediyo ke amfani da ita. Ku ajiye su gefe da gefe, karkata ɗaya, fuska ɗaya. Guda a goge shi kowace safiya, ɗayan kada a taɓa shi. Kullum da ƙarfe goma sha biyu, tare da malaminku na fizik, ku auna amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. Kada ku dogara da awon bolt, domin ƙura ba ta cika motsa shi ba, zai yaudare ku ku ce babu bambanci. Ku rubuta kwanan wata, lambobin biyu, da yanayin sama: garau, hazo ko gajimare. In za ku wanke, ku yi da sassafe, ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi.

Ku fara a farkon Nuwamba, kada ku tsaya sai ruwan farko ya sauka. Awon da za ku yi washegarin wannan ruwan shi zai nuna muku ko sama ta iya wanke farantin da kuka bari, ko kuwa ta bar masa taɓo.